Filtar Tsere ko ta Kamfani? Auna da Hannunka Kafin Ka Cire Akwatin Iskar Motarka

Wani yammaci cikin watan Janairu ɗan ƙanwata ya shigo da Corolla ɗinsa ƙofar gidanmu a nan Garwa, bai ko kashe ta ba ya ɗaga bonet. "Kawu, zo ka ji yadda take numfashi yanzu." Na leƙa. Baƙin akwatin robar nan da filtar iska ke zama a ciki babu shi, an ɗaura wata jar filta mai siffar mazurari a gurbinsa, tsirara, tana ƙyalli a gefen inji. Ya ja totur, motar ta yi gurnani har awakin maƙwabta suka watse. Ya ce mai kayan ya rantse masa ƙarfi ya ƙaru, shan mai kuma zai ragu. Na ce ina akwatin? Ya ce ya bar wa yaran gareji. Na ce, "Ɗana, maza koma ka karɓo shi tun bai shiga hannun 'yan gwangwan ba. In ka dawo sai mu auna."

Awon nan shi ne abin da zan koya maka. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: a ƙasa irin tamu mai zafi da ƙura, akwatin da mota ta zo da shi daga kamfani ya fi buɗaɗɗiyar filta alheri ga kusan kowace motar da ke yawo tsakanin Ngaundare da Njamena. Amma kada ka ɗauki maganata, kamar yadda bai kamata ka ɗauki ta mai shago ba. Da tiyon magina da ɗan ƙyalle fari da agogon wayarka za ka iya raba gardamar a kan motarka.

Abin da inji ke nema a wurin iska

Injin fetur yana buƙatar iska mai nauyin kilo 14.7 kafin ya ƙone kilo 1 na mai ƙonewa mai kyau. In aka mayar da shi lissafin lita, kowace lita 1 ta fetur tana tafiya da iska tsakanin lita 9,000 da 10,000. Injin lita 1.6 da aka take masa totur har ƙasa, yana juyi 6,000 a minti, zai iya zuƙar abin da ya kai lita 4,800 a minti guda. Daga nan masu tallar filtar tsere suka samo hujjarsu, kuma hujjar ba ƙarya ba ce tsantsa: in hanyar iska ta matse, ƙarfi yana raguwa.

Abin da ba sa faɗa shi ne cewa a tuƙin yau da kullum ba filta ce ke matse iskar ba, ƙafarka ce. Totur ƙofa ce a bakin inji. Kana tafiya cikin gari, daga Kasuwar Tsakiya zuwa gida, ƙofar nan a ɗan buɗe take kaɗan, da gangan take hana iska shiga don motar ta tafi a hankali. Ka faɗaɗa zaure yadda ka so, in ƙofar ɗaki a sakaye take, mutum ɗaya-ɗaya ne zai shiga. Filta ba ta fara zama abin magana sai totur ya buɗe gaba ɗaya, injin kuma yana can sama kusa da jan layi. Sau nawa ka kai can a sati?

Batun rage shan mai kuwa, an gwada shi. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta toshe filtar wasu motoci da gangan ta auna. A motocin zamani masu injekta, shan mai bai canja yadda za a kula ba, don kwamfutar motar tana rage mai daidai da iskar da ta samu. Abin da ya ragu shi ne kuzarin tashi. A tsohuwar mota mai kafireto ce kaɗai, ƙirar 1972, toshewar ta taɓa shan mai. To in toshewa ba ta ƙara shan mai a mota mai injekta ba, buɗewa ba za ta rage shi ba. Sau da yawa ma ƙaruwa yake yi, don mai motar ya kamu da son ƙarar, ƙafarsa ba ta ɗagawa.

Da farko, san irin injin da ke gabanka

Amsar ta bambanta. In motarka mai fetur ce mai injekta ba turbo, irin su Corolla da Carina da Yaris da suka cika garuruwanmu, ribar buɗaɗɗiyar filta ba ta wuce ɗan abin da za mu auna a ƙasa ba. Duba bututun da ya fito daga akwati zuwa totur. In ka ga wata 'yar na'ura mai waya a cake daf da akwatin, ita ce MAF, mai auna yawan iskar da ke wucewa da wata siririyar waya mai zafi. Ka riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

In tsohon injin gazuwal ne marar turbo, kamar 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser ko 5L na Hiace da Hilux, ƙarfinsa yana hannun famfon mai. Irin wannan injin kullum yana shaƙar iska fiye da abin da zai ƙone. Ƙara masa iska ba tare da ƙara mai ba, ba ya haifar da komai. Sai fa in yana zubar da baƙin hayaƙi, nan ma filtar da ta toshe ko nozul ake fara zargi.

In mai turbo ne, irin Hilux D-4D, kwamfuta ce ke ƙayyade yawan matsin da turbo zai tura. Ka buɗe masa hanya, turbon zai ɗan huta, matsin yana nan inda aka ce ya tsaya. A nan ne kuma ƙura ta fi ɓarna, don fukafukan turbo suna juyi fiye da sau 100,000 a minti, yashi yana cin bakinsu kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Na biyu, gyara na asalin kafin ka yanke masa hukunci

Yawancin waɗanda ke cewa "ai na ga canji" sun cire filta ce wadda ta shekara biyu tana shan hunturu, suka sa sabuwa. Kowace sabuwa za ta nuna canji, ko da ta takarda ce. Saboda haka ka sayi filtar takarda mai kyau daidai da lambar motarka, ka buɗe akwatin, ka goge cikinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Bi bututun da ke kawo iska daga gaban mota ka zura hannu: leda, ganye, tsumman da wani makanike ya manta, har sheƙar ɓera, duk ana samu. Duba robar gefen filtar ta zauna daram, maƙallan murfin duka suna kamawa, bututun roba mai lanƙwasa bai tsage ta ƙasa ba inda ido ba ya gani.

Akwai wata 'yar gora ta roba da ke manne a jikin bututun, wadda ba ta kaiwa ko'ina. Makanikai da yawa suna cire ta su toshe ramin, wai ba ta da aiki. Tana da shi. An auna girmanta ne don ta kashe ƙugin iska, a wasu injinan kuma tana taimaka wa jan mota a matsakaicin juyi, inda muke tuƙi kullum. Bar ta.

Na uku, awon tiyo

Nan ne zan ɗan daɗe, don in ka yi wannan kaɗai ka gama rabin aikin.

Nemi tiyon nan mai haske da magina ke daidaita gini da shi, siriri, kamar mita 5. Nemi falankin katako da ya kai mita 1 ko ya ɗan ɗara. Lanƙwasa gefe ɗaya na tiyon a jikin katakon ya sauka ya sake hawa, kamar harafin U, kowane reshe tsawon mita 1, ka ɗaure da waya ko salatif. Zuba ruwa har rabin tsayin, ka ɗiga bular wanki don ya fito a ido. Baki ɗaya ya tsaya a buɗe yana kallon sama. Ɗaya bakin, mai tsawon, shi zai bi ta taga ya shiga ƙarƙashin bonet.

Inda za ka haɗa shi shi ne abin lura. Kana son wurin da iska ta riga ta wuce filta amma ba ta kai totur ba. Mafi sauƙi, cire murfin akwatin gaba ɗaya daga motar, ka huda ɗan rami a ɓangaren da ke bayan filta daidai kaurin tiyon, ka wanke ɓarɓashin robar tsaf, ka cusa tiyon ya matse. In an gama sai ka toshe ramin da kusa mai zare da 'yar roba. Motocin gazuwal da yawa ma sun zo da ɗan hanci a wurin, wanda aka tanada don na'urar nuna toshewa. Kada ka kuskura ka haɗa tiyon a bayan totur, wato a jikin manifol. Zuƙar da ke can za ta shanye ruwan duka cikin ƙiftawar ido. Kuma kada ka gajarta katakon don ya shiga mota da sauƙi, tsawon nan shi ne ke tsakanin ruwan da injinka.

Sai ka sami abokin tafiya ya riƙe katakon a tsaye tsakanin ƙafafunsa, da alli a hannu. Bari injin ya yi zafi. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta a wajen gari, lokacin da babu babura da dabbobi. Sa giya ta biyu, take totur har ƙasa, bari allurar juyi ta kusanci jan layi, sa'annan ka ɗaga ƙafa. Kai idonka na kan hanya, shi nasa na kan ruwa. Ruwan zai hau a reshen da ke haɗe da mota, ya sauka a ɗayan. Ya yi alama a inda ya fi hawa. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan reshe biyun ita ce awonka, wato in ya hau da santimita 8, ɗayan ya sauka da 8, awon 16 ke nan. Maimaita sau uku.

Ga fassararsa. Nauyin iskar duniya da ke danne mu ya yi daidai da ruwa mai zurfin kimanin mita 10. Ke nan duk santimita 10 da ka gani a tiyon, kashi 1 cikin 100 ne na iskar da injin ya rasa, ƙarfin da ya rasa ma kusan haka. A ce da sabuwar filtar takarda ka sami santimita 15. Ko da wani zai ba ka filtar da ba ta tare iska ko kaɗan, abin da babu shi a duniya, iyakar abin da za ta maido maka kashi 1 da rabi ne. A injin mai ƙarfin doki 110, bai kai doki 2 ba, shi ma a can ƙololuwar juyi. Buhun gero ɗaya a but ya cinye wannan ribar.

In kuwa ka ga ruwan ya haura santimita 50 ko 60, akwai matsala ta gaske. Na'urar nuna toshewa da ke kan manyan injinan gazuwal takan yi ja ne a wajejen santimita 63. Koma mataki na biyu ka nemi abin da ya toshe. In komai lafiya lau amma awon na nan sama, musamman a injin da aka taɓa kwamfutarsa ko aka sa masa babban turbo, to kai ne mutumin da faffaɗar hanyar iska za ta amfana. Irinku ba ku da yawa.

Na huɗu, zafi

Iska in ta yi zafi takan saki jiki, abin da ke cikin lita guda ya ragu. Duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyinta da kusan kashi 3 cikin 100. Akwatin kamfani yana da dogon hanci da ke zuƙo iska daga bayan fitila ko cikin fuka-fukin taya, wato daga waje. Filtar mazurari da aka ɗaura a gefen inji tana shaƙar iskar da ta riga ta ratsa lagireto, ta gasu a kan bututun hayaƙi.

Yi lissafin da watan Afrilu na Marwa ko Kusiri, inda digiri 40 ba labari ba ne. A ce ƙarƙashin bonet ya kai 65 kana cikin cunkoson gadar Ngeli kana jiran shiga Njamena. Iskar digiri 65 ta fi ta digiri 40 sauƙi da kusan kashi 7 cikin 100. Ka ci ribar kashi 1 ko 2 a tiyo, ka zubar da 7 a zafi. Kwamfutar motar kuma in ta ga iska ta yi zafi takan ja lokacin tartsatsin fulogi baya don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa, balle in zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, ka sha a bakin hanya wanda ba ka san ingancinsa ba. Gaskiya ne in mota ta miƙe a guje iska na ratsa ƙarƙashin bonet, tazarar tana raguwa. Amma a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, nan ne za ka ji motar ta yi nauyi.

Auna wannan ba wuya. Motocin fetur da aka ƙera don Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da soket ɗin OBD a ƙarƙashin sitiyari. Ɗan abin karantawa mai suna ELM327 yana haɗuwa da waya, manhaja irin Torque ta nuna maka zafin iskar da ke shiga inji kai tsaye. Masu gyaran wayarin mota da yawa suna da na'urar da ta fi wannan, ka roƙi ɗaya ya zauna kusa da kai. Rubuta awon a tsaye bayan minti 10 injin na aiki, ka rubuta a gudun kilomita 40, da na 80. Yi da akwati, yi da mazurari, a rana ɗaya da lokaci kusan ɗaya.

Af, tun da ana maganar sauƙin iska: masu kukan cewa mota tana mutuwa a hawan dutsen nan kafin a shiga Ngaundare, ba laifin filta ba ne. Garin yana sama da teku da kimanin mita 1,100, matsin iskarsa ya gaza na Garwa da kusan kashi 10 cikin 100. Injin da ba shi da turbo dole ya ji a jikinsa, kuma babu filtar da za ta ƙirƙiro iskar da babu.

Na biyar, ƙura, wadda ita ce asalin maganar

Filtar auduga wadda ake shafa wa mai ba abin banza ba ce a inda aka yi ta dominsa. Kamfanin K&N na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1969, shi ya yi suna da ita, daga fagen tseren babura. Injin tsere ana sauke shi a kai a kai, mai shi ya yarda ya sayar da tsawon rai ya sayi daƙiƙa ɗaya. Kuma yawancin jajaye da shuɗɗan mazuraran da ke rataye a shagunanmu ba su da wata alaƙa da kamfanonin da suka san aikin, kwaikwayo ne marar suna. Ɗaga ɗaya ka kalli rana ta cikinta. In kana ganin ɗigo-ɗigon haske, ta nan ƙura za ta bi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu kuma a bakin ƙofar ƙurar muke. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, shi ne wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi ne, ƙasarsa fara mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, kuma ɓawon nan silika ne, dangin yashi da gilashi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta, wani kason har ya ƙetare teku zuwa Amurka ta Kudu. Kafin ta kai can mu take fara sauka a kanmu. Ƙara da jar ƙurar hanyoyin da ba kwalta, da wadda manyan motoci ke tayarwa a inda kwaltar ta mutu tsakanin Mora da Kusiri.

Ƙurar da ta tsallake filta tana haɗuwa da baƙin mai a jikin silinda ta zama kamar sabulun goge ƙarfe. Tana cin ringi, tana cin bangon silinda da bakin bawul. Ba ranar za ka gani ba. Bayan watanni ne za ka lura baƙin mai yana raguwa, shuɗin hayaƙi ya fara fita da safe, motar tana wuyar tashi.

Ana gwada filtoci da wani ma'auni na duniya mai lamba ISO 5011, kuma filtar takarda mai kyau takan tare fiye da kashi 99 cikin 100. Lura da yadda lambobi ke ruɗi. A ce wata tana tare 99.5, wata 97. A ido kusan ɗaya ne. Amma ta farko tana barin rabin kashi ya wuce, ta biyu tana barin kashi 3, wato ninki shida na ƙurar da ke shiga injinka.

Gwajin wannan shi ne mafi araha. Kwance bututun da ke bayan filta, goge cikinsa tas, mayar. Yi tuƙinka na sati biyu. Sake kwancewa ka shafa farin ƙyalle a ciki. Da filta mai kyau da ta zauna daidai, ƙyallen zai fito kusan yadda ya shiga. In ya fito da ja-ja ko toka-toka, ko ka murza a yatsa ka ji gari-gari, injinka yana cin ƙasa. Wannan gwajin har filtar takarda ta jabu yana tona wa asiri.

Wani abu da ke ba ni haushi a garejojinmu: duk juyen mai sai yaro ya ciro filta ya buga ta a taya, ya hura mata iskar kwamfireso da ƙarfi. Hurin nan yana yaga zaren takardar, ya buɗe ramukan da ido ba ya gani. Filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ma ta fi sabuwa tacewa, don ƙurar farko tana cike manyan kafofin. Kaɗa ta a hankali da tafin hannu ya isa. In ta toshe a canja, kuma a hunturu kada ka jira kilomitar da littafin mota ya faɗa, an rubuta shi ne da hanyoyin wata ƙasa a zuciya.

Na shida, agogo

Kunne maƙaryaci ne a wannan harka. Mota in ta ƙara ƙara, jiki yana rantsuwa ta ƙara gudu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Koma miƙaƙƙiyar hanyar nan da abokinka, wannan karon da agogon waya. Giya ta uku, daidaita a kilomita 40, take har ƙasa, ya danna agogo, ya tsayar in allura ta taɓa 90. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da gangare. Haɗa ka raba shida. Canja filtar ka sake, da mutane iri ɗaya a ciki, na'urar sanyi a kashe. In bambancin bai wuce yadda awo shidan suka bambanta a tsakaninsu ba, babu bambanci.

Lambobin da ke jikin kwali kuwa, a kan na'urar gwaji ake samo su, sau da yawa bonet a buɗe da fanka a gaba, kuma inda tazarar ta fi yawa ake ɗauka a buga.

In duk da haka kana so

Kuɗinka ne, kuma son ƙarar mota ba laifi ba ne. Amma zaɓi wadda aka ƙera don ƙirar motarka, mai rufaffen akwati ko aƙalla katangar da ta raba ta da zafin inji, tana shan iska daga waje. Kada kaurin bututun da MAF ke zaune ya bambanta da na asali, don kwamfutar ta san faɗin wancan ne, in ya canja lissafin mai ya rikice. A mayar da ɗan tiyon numfashin inji inda yake, kada a bar shi yana lilo. Bayan kwana biyu sa a duba da na'ura. In gyaran da kwamfuta ke yi wa mai na dogon lokaci ya haura kashi 10, ko lambar matsala P0171 ko P0101 ta fito, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya ko MAF ba ta karatu daidai.

In filtar da ake shafa wa mai ce, man da aka yi dominta za ka sa, ba baƙin mai ba, kuma kaɗan. In ya yi yawa yana tsiyaya ya lulluɓe wayar MAF, motar ta fara shaƙewa tana shan mai. Wayar nan ba a taɓa ta da hannu ko tsinke, ba a wanke ta da fetur, sai da feshin da aka tanada. Wankin filtar daga ciki zuwa waje ake yi da ruwa marar ƙarfi, ta bushe a inuwa da kanta.

Guji irin mai dogon bututu da ke sauke filta can ƙasa bayan bamba. Iskar wurin ta fi sanyi, amma damina na zuwa. Wanda ya ga titunan Njamena a ambaliyar 2022 da ta 2024, ko ya taɓa tsallaka mayo, wato rafi, a Marwa cikin Agusta, ya san inda ruwa ke kaiwa. Ruwa ba ya matsuwa. Kofi ɗaya in ya shiga silinda, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, injin ya tsaya cak.

Ga masu shiga daji da Hilux ko Land Cruiser, canjin da na yarda a kashe wa kuɗi shi ne bututun nan da ke hawa gefen gilashi har rufin mota, musamman mai kwano a ka wanda ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyin yashi kafin su kai filta. Ba ya ƙara ƙarfi, tsawonsa ma yana ɗan ƙara awon tiyo. Amfaninsa shi ne yana ɗebo iska daga sama da ƙurar tayoyi, filta ta daɗe ba ta toshe ba. A tabbata an liƙe duk mahaɗansa, a riƙa zubar da kwanon.

'Yan kilando da sauran masu babura, ku ma abin ya shafe ku, har ya fi. Kafireto ba shi da kwamfutar da za ta gyara masa lissafi. In aka cire akwati aka sa 'yar mazurari, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin da iska ce kawai ke sanyaya shi ya ɗau zafi. Ciro fulogi ka duba: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat alama ce yana ƙuna, sai an ƙara girman jet. Soson da ya zo a akwatin babur kuwa, a wanke shi da kananzir, a matse ba murɗawa, ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan a sake matsewa. Busasshen soso ba ya tare komai.

Ɗan ƙanwata ya samo akwatinsa, maƙalli ɗaya ya ɓace, muka ɗaure da waya kafin a sami wani. Ranar da muka shafa farin ƙyallen a bututun bayan sati biyu da jar filtar, ya daɗe yana murza abin a yatsunsa bai ce komai ba. Da muka mayar da akwatin ya tayar da motar, ya saurara, ya ce, "Kawu, amma fa ta yi shiru da yawa." Na ce ya kunna rediyo.